Yatsan da Na Bari a Ramin Kwal

Ni Orval Sizemore, ba a taɓa kai ni ƙasa ba. Dutse ya gwada ya kasa. Ciwon huhu ya gwada, likita ya ce ba zan ga wani hunturu ba, ga shi ni na je jana'izar likitan sanye da sabuwar kwat. Aji uku na yi a makaranta na fice, kuma har yau ban ga mai digirin da ya fi ni sanin duniya ba. Abin da ya ci ni a ƙarshe wani zanen mutum ne mai tumbi, Gus Pudwell, wanda ko numfashi ba ya yi.

Hannuna na hagu yatsu huɗu gare shi. Yatsan nuni yana can ƙarƙashin wani dutse a Kentucky. Lokacin ina saurayi babu mai kaɗa banjo, irin molon can wajenmu, kamata a duk tsaunukan nan, ko maƙiyana sun yarda. Wani gidan rediyo a Nashville ya aiko in je in yi musu wasa ranar Asabar. Kafin Asabar ɗin ta zo rufin ramin kwal ya rufto mana. Wani falalen dutse ya danne min yatsa, abokin aikina Emmett Caudill yana kwance a gefena ƙafafunsa sun karye, ruwa kuma yana tasowa a cikin duhu. Da ruwan ya kawo ƙirjin Emmett sai na zaro 'yar wuƙata ta aljihu, na yi abin da ya kamata namiji ya yi. Na goya shi a baya na ce masa, "Riƙe ni da kyau, ba zan bar ka a nan ba." Haka muka fito. Emmett ya rayu har ya ga jikoki, ni kuwa Nashville ba ta gan ni ba.

Ban taɓa kuka a kan wannan ba, don dutsen bai cuce ni a ciniki ba. Ya ɗauki yatsa, ya ba ni labari. Da labarin na auri matata. Da shi na sha kofi kyauta a jihohin da ban san adadinsu ba. Da matar ta rasu, 'yata Verna ta ɗauko ni zuwa Burbank, garin masu shirya finafinai, ta ajiye ni a ɗakin da ke saman gareji, labarin ne ya samo min kujera a shagon kofin da tsofaffin unguwa ke zama kullum safe. Doyle, tsohon direban tirela, yakan ce ya ji shi har ya haddace, amma duk ranar da baƙo ya zauna shi ne zai fara zunguro ni: "Kai tsohon banza, nuna masa hannun mana." In na ɗora hannun a tebur, ko cokali ba ya motsi.

Mijin Verna, Wendell, marubuci ne a katun, wato wasan zanen nan na Gidan Pudwell da ake nunawa a talabijin duk Lahadi da yamma tun Verna tana 'yar makaranta. Ni ba na kallo. Ƙato da gemunsa ya tashi da safe ya tafi ofis ya ƙirƙiro abin da kare zai ce, wai aiki ke nan. Shi ma Wendell ba abin da ya so zama ke nan ba. Littafi ya zo garin nan ya rubuta, littafin yana cikin kwali a ƙarƙashin gadona, ɓeraye sun fi kowa karanta shi.

Wata rana muna cin wake da burodin masara sai ya ajiye cokali ya ce shekarun shirin sun yi yawa, labari ya ƙare musu. Sun kai Gus duniyar wata, sun mai da shi gwamna, sun aurar da shi ga kifi a mafarki. Yanzu ana neman labari mai taɓa zuciya, na mutumin da burinsa ya rushe.

"Baba, ka ba ni na yatsan nan," in ji shi. "Mutum miliyan nawa za su gani. Jarumi za ka fito."

Na ce masa ai dama jarumi ne ni, shi ne dai ya makara ganewa. Amma na yarda. Wa zai ƙi a san shi daga wannan teku zuwa wancan?

Ya kai ni ofishinsu in ba da labarin da bakina. Ɗaki ne mai warin tsohon abinci, ƙarti zazzaune sun ɗora ƙafa a tebur, wani yana jifan silin da fensir. Na ba su labarin yadda ban taɓa bayarwa ba. Da na zo wurin wuƙar, wata yarinya ta rufe baki da hannu. Shugabansu, wani mai sanƙo da gajeren wando, ya ce kai, wannan zinare ne. Sai ya juya ya tambayi na kusa da shi ina kare yake a lokacin. Na ce babu kare a ramin kwal. Ya ce kar in damu.

A bango kuwa an lilliƙa zanen mutanen gidan Pudwell, sai idona ya sauka a hannayensu. Uba, uwa, yara, har limamin cocinsu, kowa yatsu huɗu. Na tambaya ko duk garin ramin ya rufta musu. Suka kwashe da dariya, mai sanƙo ya ce a rubuta wannan. Wendell ya raɗa min cewa haka ake zanen katun tun fil azal, yatsu biyar cinkoso ne, hannu sai ya koma kamar gizo-gizo. A hanyar gida ya ƙara min da wata doka tasu: duk abin da ya faru a shiri, kafin a rufe sai komai ya koma yadda yake, don mako mai zuwa a tashi daga inda aka saba. Yaran ba sa girma, Gus ba ya arziki, ba ya mutuwa. Na ji shi da kunne, amma hankalina yana kan rigar da zan sa ranar da za a nuna.

Zanen nasu a wata ƙasa can ƙetaren teku ake yi, sai da aka kusa shekara kafin a nuna. Duk tsawon lokacin nan babu wanda ban gaya wa ba: mai aski, mai kawo wasiƙa, yarinyar kantin magani. Na buga waya Kentucky na gaya wa matar marigayi Emmett ta tara jikoki gaban talabijin. Ranar Lahadin na gayyato Doyle da sauran tsofaffin shagon kofi. Verna ta gasa kaza. Na sauko da banjona daga bango na jingina shi kusa da talabijin. Wendell ya zauna can kusa da ƙofa, na ɗauka kunya ce irin ta suruki.

Aka fara. Gus ya tsinci tsohon banjo a gareji, ya tuna da ƙuruciyarsa, ya ce da shi mawaƙi ne. Na gyaɗa kai, na dubi Doyle. Sai gidan rediyo ya kira shi. Har nan lafiya. Daga nan sai ga Gus a bayan gida yana cin burodi da nama, burodin ya suɓuce ya faɗa tsohuwar rijiya, shi kuma ya bi shi da ka. Dutse ya danne masa yatsa. Ruwa ya fara tasowa, ya kusa taɓa burodin. Gus ya dubi yatsa, ya dubi burodi, aka sa kiɗan tausayi. Ya yanke yatsan da murfin gwangwani. Ya ɗora burodin a bayansa, ya ɗaure da bel, ya ce da muryar nan tasa ta mashayi, "Riƙe ni da kyau, ba zan bar ka a nan ba."

Falon ya fashe da dariya. Doyle har da bugun cinya. Emmett Caudill, mutumin da na ji ƙasusuwansa suna gogar juna a bayana, shi aka mayar burodi da nama da ganyen latas yana leƙowa. 

Ba su gama ba. Da yake yatsu huɗu gare shi tun farko, yanzu saura uku, sai hannun ya koma ƙafar kaza, kaji suka riƙa binsa a titi suna sonsa. Yatsan kuwa kare ya haɗiye. Gus ya zauna a mashaya yana nuna wa kowa dungulmin, yana ba da labari ana saya masa giya, kullum ramin na ƙara zurfi. Nan dariyar falon ta ɗan sauya, na ji idanu a ƙeyata. Da lokacin rufewa ya yi, dole komai ya koma yadda yake. Karen ya amayo yatsan a kan teburin cin abinci, matar Gus ta ɗauraye shi a famfo ta ɗinke masa da zaren saƙa. Ya ɗauki banjo da yatsunsa cikakku, ya je gidan rediyon, ya kaɗa. Gilasai suka farfashe, tsuntsaye suka faɗo daga sama matattu. Ashe dama bai iya ba. 'Yarsa ta rungume shi ta ce ba komai, Baba, ai da yatsan bai dawo ba da ka mutu kana zaton ka iya. Aka sa kiɗan rufewa. Sunana ya fito a jerin godiya, ƙanana kamar kashin ƙuda, aka matse shi gefe ana tallan soyayyar kaza.

Tsofaffin suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da maganin da zai sha. Doyle ya dafa kafaɗata a ƙofa ya ce ai abin ya yi kyau, musamman kajin nan. Na jira suka fita, sannan na kashe talabijin.

"Wendell, ka taɓa jin na kaɗa banjo?"

"A'a, Baba."

"To wa ya gaya maka ban iya ba?"

Ya ce ba shi ba ne, 'yan ɗakin rubutun nan ne. Shi rubutun da ya kai musu har hawaye ya sa wata ta yi, amma al'adarsu kowa sai ya ɗora barkwancinsa a kai, wanda aka fi yi wa dariya shi ke zama. Ya ce Gus ba zai yiwu ya iya komai ba, in ya iya shirin ya mutu. Ya ce a garin nan girmamawa ce a yi da kai a Gidan Pudwell, manyan mutane roƙo suke yi. Verna ta sa baki ta ce in yi haƙuri, katun ne kawai, kowa ya san wasa ne, nan da mako guda an manta.

Na ce mata mahaifiyarki ta aure ni a kan wannan wasan. Na ɗauki banjona na hau sama. Matar Emmett ba ta kira ba, ni ma ban kira ta ba.

Ba a manta ba. Shirin nasu ba ya mutuwa, maimaita shi ake yi safe da rana a tasha-tasha, kamar ƙwannafi. An ce ma wannan kashin ya fi sauran karɓuwa, har riguna aka buga da hoton burodin a goye. Na yi makonni ban je shagon kofi ba, sannan na ce ni da na fi ƙarfin dutse, zanen fenti ba zai kore ni daga kujerata ba. Na koma. Aka yi sa'a akwai baƙo, wani matashi mai gyaran wayar lantarki. Doyle bai zungure ni ba, ni na ɗora hannun da kaina. Na fara tun daga Nashville. Yana saurare da kyau, har na zo inda ruwa ke tasowa, sai na ga bakinsa yana motsi. Kafin in buɗe nawa ya riga ni, ya kumbura murya irin ta Gus ya ce, "Riƙe ni da kyau, ba zan bar ka a nan ba." Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi ma yana son wannan kashin, amma kakansa ya fi ni wayo, shi daga finafinan yaƙi yake sato nasa labaran, waɗanda ba kowa ya gani ba.

Na tura masa hannun har gaban hancinsa, na ce ya ƙirga. Ya ƙirga, ya ce huɗu, daidai da na Gus kafin ya faɗa rijiya. Yarinyar da ke zuba kofi ta tambaya ko nawa ma kare ne ya haɗiye. Doyle ya sunkuyar da kai cikin kofinsa, kafaɗunsa suna rawa.

Na shanye kofina har ƙasa, don ba a ganin bayana da sauri. Dutse dai ya fi surukina mutunci, shi da ya ɗauka ya bar min wani abu.

Har yanzu ina zuwa shagon, kujerata tana nan, kuma duk cikinsu babu mai ƙarfin muryata. Wendell an ƙara masa girma, ya sayi mota mai buɗaɗɗen kai, yana gaishe ni ina amsawa. Jiya a layin kantin magani wata mata ta ga hannuna, ta tambaya cikin ladabi me ya sami yatsan. Mace ce mai nutsuwa, irin wadda da can sai na sa ta kuka kafin a zo kanta. Na dube ta, na dubi ɗanta da ke sanye da rigar nan mai hoton burodi.

Na ce mata injin yankan ciyawa ne.