Goggo Dije a Zoben Wuta

"Dodo ya bangaje shi," in ji Habila, ya sa yatsa ya tura marfin kwalba gida biyu a kan takardar. "Goggo Dije ya faɗa wuta."

Izzuddeen ya miƙe zumbur har kujerar roba ta kife.

Wutar dai awarwaron abokiyar wasansu Roda ne da aka ajiye a tsakiyar takarda mai gida-gida. Marfin kwalbar kuwa shi ne Goggo Dije, tsohuwar bokanyar da Izzuddeen ya shekara biyu yana wasa da ita duk Asabar a barandar Habila a Gwallameji. Wasan labari ne: Habila ke tsara duniya da dodanninta, shi ne kuma alƙali, kowane ɗan wasa da nasa mutumin, ɗan lido mai fuska ashirin ke raba gardama. Wanda ya mutu a ciki ya mutu ke nan, sai a yaga takardarsa. A lissafin wasan, ran Goggo saura maki huɗu, wutar kuma ba ta cin ƙasa da shida. Abin haushin ma, Goggon ce ta kunna ta da tsafinta.

A idon baƙo marfi ne kawai. Amma sunan kakarsa Izzuddeen ya sa mata a shekarar da ta rasu, kuma da muryarta yake magana, tsiwar da gatsen duka. Yana son tsohuwar nan har cikin ransa.

"Kawo dokar!" ya ce. Lauya ne sabon yanka, bai taɓa cin shari'a a kotu ba, amma a barandar nan ba a taɓa kayar da shi ba.

Habila ya buɗe littafin da ya fassara dokokin wasan a ciki da hannunsa. "Duk wanda ya shiga zoben wuta zai ƙone."

"Wanda! Wanda ya shiga! Goggo mace ce, ranka ya daɗe!"

Roda ta tuntsire da dariya har da dukan tebur. "Habila ne fa ya rubuta! Shi ko matarsa 'ya tafi kasuwa' yake ce mata!"

"Gaskiya ne," in ji Habila. "Ko mamana ne, zai ƙone."

Izzuddeen bai yi ko gezau ba, ya sake sheƙa. "To, kalmar shiga. Goggo ba ta shiga ba, shigar da ita aka yi. A kira Baffa!"

Baffa shi ne mai gidan da Habila ke haya, tsohon tafinta a kotu, yana can ƙofar gida kan tabarma da rediyonsa. Ba a kiran dattijo, don haka suka ciccibi teburin ɗungurungum suka nufe shi, Roda na dafe da awarwaro tana ihun kada wuta ta gangara.

Baffa ya saurari ƙarar daga farko har ƙarshe, ya dubi marafan, ya dube su.

"Duk da digirorinku?"

"Eh, Baffa."

"Allah ya shirya." Sai dai kuma ya kashe rediyon ya gyara zama, idonsa na ƙyalli. "Shekara talatin ina fassara wa alƙalai. Wanda ya shiga gidan mutane, ɓarawo ne. Wanda aka shigar da shi, baƙo ne. Shiga da ƙafa ake yin ta. Tsohuwar nan ba ta shiga ba."

Izzuddeen ya yi tsalle ya dire, ya zagaye teburin da rawa, ya durƙusa ya yi wa Baffa jinjina, har wani mai keke ya rage gudu yana kallo. Yau ya ci shari'a a gaban mutumin kotu na gaske, daɗi kamar ya kashe shi.

Habila ya jira ya gama. Sannan ya zura hannu a aljihu ya fito da marafai uku, ya jera su ɗaya bayan ɗaya kewaye da marfin Roda.

"Mene ne haka?" in ji Roda.

"Dodannin makon jiya. Barista ya yi minti arba'in yana min bayani cewa turawa ma shiga ne, kuka tura su cikin wuta suka mutu. Tunda ba su shiga ba, ba su mutu ba. Ga su sun dawo."

Dariyar Roda ta ɗauke. Maharbinta Fortune ransa saura biyu, kuma ita ma shekara biyu ke nan tana lallaɓa shi, wani lokacin daga aikin asibiti take zuwa ko takalmi ba ta canza ba. Dodo uku ba za su bar ko kwari da bakansa ba.

"Doka ɗaya ce," in ji Baffa, yana murmushi. "Lauya, zaɓi naka."

Izzuddeen ya daɗe yana kallon marfin da ke cikin awarwaron. Ya tuna kakarsa ranar da za a kai ta asibiti, jikoki huɗu sun zo ɗaukarta, ta zage su tas ta taka da sandarta har mota. Dariya ta zo masa, ƙwalla ta biyo ta.

Ya ranƙwafa, ya langaɓe wuya, ya shaƙe murya.

"Kai Habila, ɗan nema! Wane dodon ne ya isa ya tura ni? Da ƙafata na shiga, sanyi nake ji."

Roda ta rufe baki tana dariya tana share ido. Habila ya kwashe marafansa uku ya mayar aljihu, ya jefa ɗan lido, wuta ta ci tara. Ya ɗauki takardar Goggo zai yaga, Baffa ya riƙe masa hannu.

"Ba a yaga takardar wanda ya ci shari'a," ya ce, ya miƙa wa Izzuddeen.

Izzuddeen ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba. Roda ta ɗauki awarwaronta ta hura shi sau biyu kafin ta mayar hannu.