Faɗuwar Aljanar Dutse

Oddveig na cikin ɗaure igiyar jar rigarta a 'yar bukkar katako da ke bayan magangarar ruwan, sai wayarta ta hau ruri. Sai da ta toshe kunne ɗaya da yatsa kafin ta ji muryar, saboda rugugin ruwan da ke zubowa daga ƙoƙolon dutse.

"Mama, ni ce. Muna cikin jirgin."

"Wane jirgi kuma? Ba da mota kika ce za ku zo ba?"

"Eskil ne ya sauya shawara. Wai mahaifiyarsa ba ta taɓa hawa jirgin ƙasa na kan dutse ba. Har mun baro tashar saman dutse. Mama, don Allah kar ki fito. Ki sa wata ta yi."

Tuva ce, 'yarta tilo, wadda ubanta ya tafi da ita birnin Bergen tun tana firamare, bayan auren ya mutu. Yau za ta kawo Eskil, saurayin da za ta aura, da mahaifiyarsa a ga juna. An shirya da rana za a haɗu a ƙasa, a bakin ruwa, bayan Oddveig ta sauko ta wanke fuska ta sa kayan mutunci.

Aikinta kowa a kwarin ya san shi. Duk bazara, idan jirgin ƙasa ya fito daga ramin dutse, yakan tsaya 'yan mintuna a gaban magangarar ruwan don baƙi su sauka su ɗauki hoto. Sai kiɗa ya tashi daga lasifikar da aka ɓoye, mace mai jar riga ta ɓullo a kan duwatsu tana rawa, a matsayin aljanar nan ta tatsuniya da ke jan maza cikin dutse. Tun Tuva na goye Oddveig ke wannan rawa. Yanzu hamsin na ƙwanƙwasa mata ƙofa.

"Ni kaɗai ce a nan," ta ce. "Abokiyar aikina sai jirgin rana za ta hauro."

"To ki ɓuya mana! Ki ce ba ki da lafiya." Tuva ta rage murya. "Na ce masu a ofishin tikiti kike aiki."

Oddveig ta dubi hular gashin da ke rataye jikin ƙusa, doguwa, mai ruwan zinariya.

"Tun yaushe kika ce masu haka?"

"Mama, ba lokacin wannan magana ba ne."

Layin ya yanke. Jirgin ya shiga rami.

Ta zauna bakin benci tana murza gwiwarta ta hagu, wadda ke damunta tun farkon bazara. Ɓuyan ba wuya. Amma a duk shekarun nan kiɗan bai taɓa tashi dutsen na wayam ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarta ta yi rawar safe kafin ta sauka. Kuma akwai 'yan mata birjik a makarantar rawa da ke jiran ta yi fashi sau ɗaya. Ta sa hular, ta janyo gashin ya rufe mata rabin fuska. Daga can ƙasa, cikin feshin ruwa, wa zai gane ta?

Jirgin ya yi kuka ya tsaya. Mutane suka yi ta dirowa kan dandamalin katako kamar an zazzage buhu, kowa da waya a sama. Kiɗa ya tashi. Oddveig ta fito daga bayan kangon dutse, ta ɗaga hannuwa, ta juya, rigar ta buɗe kamar lema. Jikinta ya san hanya ko da idonta a rufe. Ba ta yi niyyar duba dandamalin ba, amma ta duba. Ga Tuva can gefe, cikin rigar ruwa ruwan ɗorawa, ta cusa fuska a kafaɗar wani dogon saurayi.

A nan ne tsallen ya zo, ɗan tsallen da take yi daga wannan falalen zuwa wancan. Ƙafarta ta sauka kan gansakuka, gwiwar ta ƙi ɗauka. Ta zame ta zauna daɓas, ƙafafu a sama, hular gashin ta karkace har furfurarta ta leƙo. Ba ta ji dariyar ba, ruwa ya haɗiye ta. Gani ta yi kafaɗu na girgiza, wayoyi kuma sun ƙara yin sama. Ta dafa dutse ta miƙe, ta gyara hular, ta ƙarasa rawar har ƙarshen kiɗa, sannan ta shige bayan kango ta ciji hannun riga don kar ta yi ihu.

Da abokiyar aikinta ta iso, ta bi jirgi na gaba ta sauka. Kwandastan, wanda suka yi aji ɗaya tun suna yara, ya buɗe mata ɗakin ma'aikata yana murmushi.

"Aljana, an ce yau dutse ya rama."

"Rufe min baki, kai da ko matakala ba ka iya hawa sai da haki."

"Ki je asibiti dai, wannan gwiwar ta kumbura."

"Ina da baƙi."

Jirgin ya yi ta gangarawa yana kuwwa a kwana, ya shiga rami ya fita, ya wuce gonakin awaki da ke maƙale a jikin dutse. Baƙi na ta rububin taga daga dama zuwa hagu. Ita kuwa tana goge jan baki da ruwan kwalba. A bayin tashar ƙasa ta sa shuɗiyar rigar ulu da ta saya musamman don yau, ta ɗaure gwiwar tamau a ƙarƙashin wando.

Ta same su a layin shiga jirgin ruwa. Tuva ta rungume ta sama-sama, idonta na kan ƙafar.

"Eskil, ga mahaifiyata. Mama, wannan Borghild ce, mahaifiyarsa."

Eskil ya kama hannunta ya girgiza da ƙarfi, fuskarsa a sake. Yaro ne mai fara'a. Borghild doguwa ce siririya, likitar haƙori da ta yi ritaya. Ta miƙo yatsu masu sanyi, ta dubi Oddveig daga gashi har takalmi, ta ce ta ji daɗin ganinta.

Jirgin ya kama hanya cikin mashigin tekun. Duwatsu suka taso ta kowane gefe, baƙaƙe, da sauran ƙanƙara a kawunansu, ruwan kuwa kore shar, ko motsi ba ya yi. Suka sami tebur kusa da taga. Eskil ya kawo kofi da waina mai cukun awaki, ya zauna, sai ya tuntsire da dariya shi kaɗai.

"Oddveig, ke da kike aiki da mutanen jirgin, dole ki ga wannan. Wallahi ya biya kuɗin tafiyar."

Ya ajiye wayar a gabanta. Ta ga kanta ƙarama cikin feshin ruwa, ta ga tsallen, ta ga ƙafafun a sama. Ya mayar baya ya sake kunnawa a hankali. Ya ma ɗora masa wani kiɗa na barkwanci.

"Kakar aljanu ke nan! Na sa shi a intanet tun muna cikin jirgi, mutane sai turawa suke yi. Kin san ta?"

Tuva ta ƙura wa kofinta ido.

"Na san ta," Oddveig ta ce.

"To ki gaya wa manyanku su sallame ta ta je ta huta. Mutum ya taso tun daga Japan ya zo Norway kallon aljana, a nuna masa tsohuwa da hular gashi? Tuva ma kasa kallo ta yi. Ko ba haka ba, masoyiya?"

Duk suka juya gare ta. Tuva ta ɗago. Kunnuwanta sun yi ja, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ni tausayi ma ta ba ni," ta ce. "Sai ka ce ba ta da 'ya'yan da za su hana ta."

Eskil ya buga tebur yana dariya. Oddveig ta ji bakinta ya buɗe, ta ji wani sauti ya fito, ashe ita ma dariya take yi. Ta ɗauki waina ta gutsura, ta yi ta tauna.

Can Eskil ya ja Tuva suka haura saman jirgin don ɗaukar hoton wata gona da ke maƙale a bakin dutse. Borghild ta bi su da ido har suka ɓace a matakala, sannan ta ture kofinta gefe.

"Ƙanƙara za ki sa wa gwiwar, ki ɗaga ta sama. Ɗaurin nan da kika yi ba zai hana kumburi ba."

Oddveig ta ja ƙafar ƙarƙashin tebur.

"Tun da kika taho kina ɗingishi na gane. Kuma ga sauran kwalli a gefen idonki. Kar ki damu, Eskil ba zai ji daga bakina ba. Ɗana yana da kirki, amma ba ya lura da komai. Ubansa ya gado."

"Ba sata nake yi ba," Oddveig ta ce. "Aiki ne."

"Wa ya ce sata ce? Ni har na yaba da yadda kika tashi kika ƙarasa." Borghild ta gyara zoben hannunta. "Sai dai ga abin da ke akwai. A kaka za a ɗaura auren, a Bergen. Taro ne ƙarami, dangi da abokan aikin mijina. Yanzu rabinsu sun ga hoton nan, don duk abin da Eskil ya tura sai sun kalla. Mutum ɗaya ya gane ki, an gama; shi za a yi ta yi har a tashi. Ba ke za a yi wa dariya ba, ke kin saba. Yarinyar za a yi wa. Matar babanta za ta iya zama a kujerar uwa, ai ita ta riƙe ta. Ke kuma ga ciwon ƙafa, tafiyar da nisa. Kowa zai fahimta."

"Wannan maganar Tuva ce za ta yi min ita, ba ke ba."

"Ai ita ta roƙe ni in yi miki. Tun a jirgin ƙasa, da Eskil ya tafi bayi. Ta yi kuka sosai, kar ki ce ba ta damu ba."

Ta taga Oddveig na hango su a sama. Iska na wasa da gashin Tuva, ta karkata kai tana murmushi ga wayar, hannunta ɗaya a ɗage, yatsu a buɗe. Haka take ɗaga hannu tun tana ƙarama, lokacin da take tsayawa kan teburin kicin da jan tawul tana kwaikwayon uwarta.

A ƙarshen mashigin, motar Bergen na jira a bakin gaɓa. Eskil ya sake girgiza mata hannu, ya ce lalle ta zo biki da takalmin rawa. Borghild ta gyaɗa kai ta wuce. Tuva ta tsaya a baya. Ta rungume ta, wannan karon sosai, har Oddveig ta ji ƙamshin sabulun gashinta.

"Na gode da kika yi shiru," ta raɗa mata. "Zan kira ki."

"Tuva."

"Mota za ta tashi, Mama."

Ta ruga. Oddveig ta tsaya jikin ƙarfen jirgin har motar ta shige rami, sannan ta koma teburin. Ba wanda ya kwashe kofunan. Jirgin ya juya, sababbin baƙi suka cika shi, ta ɗora ƙafar a kan kujerar da Tuva ta tashi.

Sun yi rabin hanya wayar ta yi ƙara. Ottar ne, manajan da ke ɗaukar masu rawa. Ta bari ta yi ta ruri, don ta san abin da zai ce, kuma ta riga ta shirya amsa: ba sai ya kore ta ba, ita ma ta gaji. Ta ɗauka.

"Oddveig! Kin ga abin da ke faruwa kuwa? Hotonki ya zaga ko'ina. Tun ɗazu ake kiran ofis, wai a wane jirgi ake ganin aljanar da ke faɗuwa. Wata ƙungiya ta jirgin ruwan yawon buɗe ido ta kama tarago biyu na gobe."

"Ottar, gwiwata ta kumbura."

"Sannu, sannu. Za mu shimfiɗa miki roba a wurin, mu rufe da gansakuka, ba mai gani. Ba wani abu mai wuya ba ne. Ki yi rawarki yadda kika saba, in kin zo tsallen sai ki zame. Hular ma ki bar ta ta karkace, wannan ne ya fi ba su dariya. Za ki iya?"

Wata baƙuwa ta zo ta tsaya kanta, ta nuna kujerar da ke ƙarƙashin ƙafarta, tana tambaya da hannu ko da mutum. Oddveig ta sauke ƙafar a hankali ta tura mata kujerar.

"Oddveig? Kina ji na?"

"Ina ji," ta ce. "A jirgin safe kawai, ko a duka?"