Rigar Littafin Halime

Zacharie ya tsufa a kan keke. Tun bayan samun 'yancin kai yake ɗaura akwatin littattafai daga ɗakin karatu na garin Garwa, yana bin kasuwanni yana roƙon mutane su ara. Roƙo ne sosai, domin kowa gani yake abin gwamnati ba ya shiga gida sai da fitina a bayansa.

Wadda ta fi ba shi wuya ita ce Halime, mai sayar da busasshen kifi a bakin kogin Binuwai, wadda ta fara koyon karatu da furfura a ka. Sai da ya rantse mata cewa babu mai karɓewa kafin ta gama, sannan ta ɗauki wani ɗan littafin tatsuniyoyi. Har riga ta ɗinka masa da ƙyallen atamfa, kada ƙarnin kifi ya kama shi.

Ana nan sai labari ya zo cewa alƙalai na tafe daga Yawunde, za su ba da kyauta ga ɗakin karatun da ya fi kai littafi ga jama'a. Darakta Laurent, mutumin da bai taɓa barin inuwar fanka ba, ya duba kantoci ya ga rabi wayam. Ya ce wannan abin kunya ne, a kwaso duk abin da ke waje.

Zacharie ya so ya yi musu, amma gajiya ta fi ƙarfinsa. Ya bi gida-gida yana karɓa. Halime ta goge hannu a zane ta miƙa masa littafin. A ofis darakta ya sa aka yage rigar, wai ta ɓata tsarin kantocin.

Alƙalai suka zo, suka yaba da cikar kantoci, suka ɗauki hoto. Garwa ta ci kyauta. Aka kira Zacharie ya riƙe gefen takardar yabo, ya riƙe, ransa babu daɗi.

Ranar kasuwa ya koma bakin kogi, gwiwoyinsa na ciwo.

"Inna Halime, ga littafinki. Ki ƙarasa."

Ta dube shi, ta dubi littafin, ba ta miƙo hannu ba.

"Malam Zacharie, wannan na gwamnati ne," in ji ta. "Nawa yana da riga."