Bakanon da Aka Turo wa Lauya Iliyasu

Shekara biyu da samun mulkin kai, daga Makarfi har Kudan da Ikara babu lauya ko ɗaya, irin mai baƙar riga da hular gashin nan. Suna can Kaduna, kuma ko sun zo ba a barinsu su tsaya gaban alƙali. Abin da talaka yake da shi shi ne Malam Iliyasu, wanda ke zama a gindin ɗorawa bakin tashar Makarfi da teburinsa mai ɗingishi, yana rubuta wa mutane takardar koke da ta ɗaukaka ƙara. Shi ake kira Lauya. Da can magatakardan kotu ne, aka sallame shi saboda wata muguwar ɗabi'a: abin da mutum ya faɗa shi yake rubutawa, ba ƙari ba ragi.

Kada a ɗauka jarumi ne. Mutum ne siriri mai dogon wuya, wanda ko ƙadangare ya faɗo daga rufin ɗaki sai ya yi salati. Duk jaruntakarsa a yatsu uku na hannun dama take, kuma shi kansa yakan ji haushin yatsun nan, don su ke jawo masa magana.

Wannan karon sun jawo masa Maiwada. Wata tsohuwa ce daga Nasarawan Doya, Sabuwa, mijinta ya rasu ya bar mata fadamar rake, da ita take ciyar da jikoki huɗu. Maiwada mai injin mazarƙwaila, wanda gonarsa ke iyaka da tata, ya kawo shaidu uku suka rantse cewa marigayin ya sayar masa da fadamar tun shekarar da fara ta cinye amfanin gona. Aka yanke hukunci aka ba Maiwada fadamar, aka ce in tana da ja tana da kwana talatin ta kai ƙara Zariya. Kwana ashirin da shida ta ɓata tana kuka tana zagaye gidajen dangi, sannan wani ya nuna mata gindin ɗorawa.

Iliyasu ya saurare ta, ya yi 'yan tambayoyi, ya gano cewa ɗaya daga cikin shaidun nan a shekarar farar nan yana goye a bayan uwarsa. Ya rubuta haka, tsaf, da rubutun nan nasa mai kama da jerin shuka. Suka yi da ita za ta dawo ranar kasuwa ta dangwala hannu, ta shiga motar Uwaisu direba mai zuwa Zariya ta kai takardar da kanta. Ranar kasuwar ita ce kwana na talatin. In takardar ta kwana a Makarfi, fadama ta tafi ke nan.

Labari ya isa kunnen Maiwada kafin tawada ta bushe. Da fari goro ya aiko, da gaisuwa, da shawara cewa Malam ya riƙa hutar da hannunsa, don hannu abu ne mai saurin karyewa. Washegari da safe Iliyasu ya buɗe zaure ya tarar da farin ƙyalle a ninke, kamu biyar cif, irin wanda ake yi wa mamaci sutura. Matarsa Rahmatu ta ɗaga ƙyallen ta duba a rana, ta ce yadi ne mai kyau, dama matatar kamunta ta yage. Ta yanki kamu ɗaya ta tace koko, ta ajiye sauran don gaba. Iliyasu ko taɓa kokon nan bai yi ba.

Gaskiya ya ji tsoro, tsoro ƙwarai. Sau biyu yana ciro takardar zai yaga, sai ya tuna yadda tsohuwar ta kira shi ɗana ta kama gefen teburinsa da hannu biyu, sai ya mayar da ita aljihu yana zagin yatsunsa.

Shi kuwa Maiwada ya nemi wanda zai karya yatsun nan a cikin gari ya rasa. Wannan ya ce Lauya ne ya fito da ƙanensa daga gidan yari, wancan ya ce shi ya rubuta masa takardar da aka mayar masa da jakinsa. Sai ya yi dabarar da yake ganin ta fi ta kowa: ya aika can tsallaken iyaka, ƙasar Kano, aka ɗauko masa wani tsohon ɗan dambe, Ɗan'azumi, wanda bai san kowa ba, kowa bai san shi ba. Maiwada ya auna faɗin ƙirjinsa, ya auna damtsensa. Abu ɗaya ya manta bai auna ba, abin da ko yaron goye a ƙasar Zazzau ya sani.

Ranar kasuwa da hantsi, Sabuwa ta dangwala babban yatsanta, Iliyasu na hura takardar don ta bushe, sai rana ta ɓace masa. Ya ɗaga kai ya ga mutum kamar rumbu, da rawani da gora da takalman fata. Mutumin bai yi sallama ba. Ya sa yatsu biyu ya zare takardar ya cusa a aljihu, ya buga gorarsa a kan tebur har kwalbar tawada ta yi tsalle.

"Kai ne Lauya? Ɗora hannunka nan. Ni ne Ɗan'azumi, daga Kano aka ɗauko ni takanas saboda kai."

Masu rake da masu mazarƙwaila suka yi cirko-cirko. Amma kalma ɗaya ta maƙale wa Iliyasu a kunne, ya kama ta kamar yadda mai nutsewa ke kama reshe. Ya buɗe baki, muryar ta fito siririya.

"Daga Kano? Ashe bawana ne. Kai, haka aka koya maka gaishe da ubangijinka?"

Sai wani tsoho mai sayar da igiya ya tuntsire da dariya, kasuwa ta ɗauka. Ai Bakano da Bazazzagi abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, a zagi juna, a ƙwace hula, kuma wanda ya fara fushi shi ya faɗi, abin kunyar ya bi shi har gida. Wanda kuwa ya fitar wa abokin wasa jini, ko a garinsu ba a zama da shi a tabarma ɗaya.

Ɗan'azumi ya ce shi ba wasa ya kawo shi ba, aka ƙara fashewa da dariya. Ya rantse sai ya karya yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, wata mai fura ta ce wallahi Bakanon nan ya iya, ta daɗe ba ta ga gwani irinsa ba. Ya zare ido ya yi ruri, aka tafa masa. Mai igiya ya tambaye shi ko yatsun ma sayarwa zai je ya yi a kasuwar Kurmi ta Kano, tunda Bakano ba ya ganin abu bai sa masa farashi ba. Duk abin da bawan Allah nan ya faɗa don ya tsoratar, sai ya faɗa cikin wasan kamar an auna.

Tunda kuma shi ya fara ƙwace, ai ya buɗe ƙofa. Wani ya ja bakin rawaninsa ta baya, ya juya, rawanin ya warware ya bi taro hannu zuwa hannu. Ya ajiye gora zai bi rawani, gora ta yi ƙafa. Ya ɗaga ƙafa zai ture wani, takalmi ɗaya ya tafi. Ga shi tsaye tsakiyar kasuwar Makarfi, kai ba rufi, sanƙo na sheƙi, ƙafa ɗaya a ƙasa, mutum wajen ɗari na kiransa bawansu. Da ya so, da naushi biyu sun buɗe masa hanya. Iliyasu ya ga Bakanon ya dunƙule hannu, ya ga hannun ya yi sama, ya runtse ido. Da ya buɗe sai ya ga hannun ya sauko yana sosa ƙeya. Ɗan'azumi ɗan dambe ne, amma shi ma a gaban kaka ya tashi.

Ya ce a ba shi rawaninsa. Mai igiya ya ce kayan wasa ba a mayarwa sai da fansa, kuma fansar tana aljihunsa. Uwaisu direba na can yana danna ham. Ɗan'azumi ya dubi Sabuwa, wadda ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba tun da aka fara, babban yatsanta har yanzu shuɗi da tawada. Ya zaro takardar ya miƙa mata, ya ce ga shi nan, Iya, sadaka ce daga Kanawa, tunda Zage-zagi ba su iya komai ba sai roƙo. Aka yi masa shewa. Aka kama tsohuwar aka ɗora kan buhunan barkono, mota ta tashi.

Iliyasu ya saya wa Ɗan'azumi fura, don haka al'ada ta ce. Suka zauna a gindin ɗorawa, Ɗan'azumi na naɗa rawani. Da ya shanye ya goge baki, Bakanon ya sunkuyo ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba dariya a fuskarsa.

"Malam, wanda ya aiko ni kuskure ɗaya ya yi, kuma ba zai sake ba. Na gaba ɗan ƙasarku zai nemo. Da shi babu wasa tsakaninku."

Iliyasu ya ce ya sani.

Da la'asar Rahmatu ta leƙo zaure ta same shi zaune da tsohuwar takarda a cinya, harshe waje, yana jan wasu haruffa karkatattu kamar sawun kaza. Ta ce wane irin rashin ladabi ne wannan, babba da shi yana rubutu da hagu.

"Akwai wani mutumin garin Taba da zai zo jibi a kan maganar shanunsa," in ji shi. "Gara in fara koyo tun na daman yana nan."

Rahmatu ta shiga ciki ta ɗauko sauran farin yadin nan, kamu huɗu, ta cusa a murhu.