Ruwan Toka a Bayan Ermelinda

Shekara ashirin da bakwai ina buga zane a jikin riguna a wannan ƙauye namu na gefen Barcelos, amma sai da aka wayi gari aka zaunar da ni a zauren majami'a ana koya mini yadda haske yake aiki. Malamin kuwa Senhor Belmiro ne, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar da takin zamani. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya yi zafi.

Duk farkon watan Mayu mutanen ƙauyenmu, su arba'in da 'yan kai, sukan taka da ƙafa zuwa garin Fátima don ziyarar ibada, tafiyar kwana bakwai a gefen kwalta. Ƙarfe biyar na asuba suke fita don su ci rabin zango kafin rana ta buɗe. A daidai lokacin ne kuma manyan motoci ke kwasar kaya daga masaƙu, direbobinsu ido duk barci. Ni ba na zuwa, tsakanina da Fada, limamin majami'armu, sai gaisuwa. Amma tun da aka kafa ƙungiyar ni ke buga musu riga, kuma yayata Ermelinda tana cikinsu.

Shekarunta sittin da takwas, gwiwarta ta dama ta daɗe da gajiya da ita. Lokacin da ɗanta ya faɗo daga bene a wurin gini a Faransa ta yi bakance, in ya tashi za ta taka wannan hanya shekara goma a jere. Ya tashi. Bana ce ta tara. Kullum ita ce ta ƙarshe a layi, wani lokaci da tazarar gida uku tsakaninta da na gabanta. Bara, ranar da ta manta falmaran ɗinta mai ɗaukar ido a masauki, madubin wata mota ya doki gwiwar hannunta, ta dawo gida da kumburi tana ce mini ƙofa ta buge. Sai a bakin maƙwabta na ji gaskiya.

To, bana ƙungiya ta cika shekara ashirin da biyar, Senhor Belmiro kuma shi ne shugaba. Ya yanke hukunci ba wanda zai sa falmaran, wai yana rufe riga a hoto, wai suna komawa kamar masu gyaran titi. Rigar da kanta za ta yi haske, in ji shi. Wannan ban ƙi ba, don akwai tawadar da aka yi domin haka. Matsalarta ɗaya, ba ta da kyan gani. Ruwan toka ce, da rana kamar an shafa siminti. A cikinta akwai ƙwayoyin gilashi da ba su kai garin gishiri girma ba, haske ya doke su sai su mayar da shi ta hanyar da ya zo, ba hagu ba dama. Direba yana gani tun daga nesa saboda idonsa na saman fitilarsa. Wanda ke tsaye a gefe ba abin da zai gani.

Ranar taro na kai samfurina. Ashe surukin Belmiro, wanda ya buɗe shago bara waccan, shi ma ya aiko da nasa: tawadar azurfa mai ƙyalƙyali, irin wadda nake buga wa 'yan mata a rigunan rawa. Dona Graciete, matar Belmiro, ta ɗaga tawa da yatsa biyu.

"Dona Zulmira, ta makoki kika kawo mana ko ta biki?"

"Ta dawowa gida da rai na kawo muku," na ce.

Belmiro ya ce a daina cacar baki, gwaji zai raba gardama. Aka ja labule, aka kashe wuta, ya rataye rigunan biyu a bayan kujeru. Jama'a suna zaune a gaba, shi kuma ya koma can jikin bango, ya riƙe tocila ƙasa wajen cinyarsa ya haska. Ta azurfa ta ɗan yi walƙiya, mata suka yi guɗa ƙasa-ƙasa. Tawa ta zauna shiru kamar tsumma.

"Senhor Belmiro, ka dawo tsakiyarsu," na ce. "Ka ɗora tocilar a gefen kunnenka, su ma kowa ya karɓa ya gwada haka."

"A kunnena? Ni dai tun da nake, da hannu na san ana riƙe tocila."

Zaure ya ɗauki dariya.

"Direba a bayan fitilarsa yake zaune, ba a gefe ba."

"Haske haske ne, Dona Zulmira. Kowa nan yana da ido. In tawadar ta kwanta miki a shago kina neman inda za ki juye ta, ki faɗa, ba abin kunya ba ne."

Na miƙe zan karɓi tocilar, ya jefa ta aljihu ya ce an gama gwaji. Aka ce a ɗaga hannu. Zagin da ya yi mini bai ci mini rai ba kamar abin da na gani a layi na uku: Ermelinda, hannunta a sama, rabi-rabi, idonta a kan takalminta. Na naɗe rigata na ce musu ba zan buga ƙarya a bayan mutane ba, su kai wa wanda zai iya. Belmiro ya ce dama ba a rasa ba.

Washegari na sami Ermelinda a kicin ɗinta tana yanka kabeji.

"Kin kunyata ni a gaban mutane," ta ce, ko gaisuwa babu.

"Ni na kunyata ki? Yaya, ke aka buge bara, ba Graciete ba. Ki sa falmaran ɗinki, kowa ya yi abin da ya ga dama."

"Ni kaɗai cikin mutum arba'in da biyu? Dama ana cewa ni ke ja musu baya. Belmiro ya ce bana in na sake yin nisa da layi, a mota zai sa ni."

"Sai me? Motar cizo take yi?"

Ta ajiye wuƙar. "Da ƙafa na ce, Zulmira. Ban ce da mota ba. Ke da ba ki taɓa yi wa kowa alkawari ba sai ki ga abin wasa ne."

Na fita ban sha kofin da ta zuba mini ba. Mako biyu ba mu yi magana ba, ni kuwa in na kwanta ba abin da nake gani sai bayanta a gefen titi, cikin riga shuɗiya mai duhu, da ƙyalƙyalin da ba ya kai taku goma.

Ana jibi tafiya rigunan suka iso. Surukin nan ko awo bai iya ba, ta Ermelinda ta sauko mata har gwiwa. Dole ta kawo mini, don ni ke da keken ɗinki. Ta ajiye a kan tebur ta ce, "Rage tsawo kawai," ta juya.

Na rage tsawon, wannan gaskiya ne. Daga nan na ɗauko allon buga zane wanda ramukan ragarsa suka fi faɗi, domin allo mai laushi tace gilashin yake yi, ya bar maka ruwan banza a kan riga. Na buɗe gwangwanin, na juya tawadar har hannuna ya yi tsami, don ƙwayoyin kwanciya suke yi a ƙasa. Na shimfiɗa rigar, na ja roba sau ɗaya tak. In ka ja sau biyu tawada ta yi kauri, gilashin ya nutse, ka yi aikin banza. Layi guda na buga, faɗin tafin hannu, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, a saman zanensu na azurfa. Da ta fito daga injin gashi na shiga ɗakin ajiya da ita, na rufe ƙofa, na ɗora tocila a gefen kunnena. Sai da na runtse ido.

Da Ermelinda ta zo ɗauka, ta daɗe tana kallon rigar.

"Me na yi miki a duniya?"

"Ba ya wankuwa," na ce. "Kuma babu ragowar riga, na tambaya."

"Allah ya isa tsakanina da ke, Zulmira. Kamar wadda mota ta taka."

"Abin da nake gudu ke nan."

Ba ta yi dariya ba. Ta cusa rigar a jaka ta buga mini ƙofa har wani allo ya faɗo.

Al'ada ce tun fil azal ni ke dafa miyar kabejin zangon farko, in bi motar kaya in raba musu da burodin masara, sannan in dawo a bas. Fushi bai hana ni ba, mutane ba su yi mini laifin da za su yi tafiya da yunwa ba. Mai tuƙa motar kuwa Belmiro ne, tun da aka yi masa aiki a ƙugu ya daina takawa. Ƙarfe biyar Fada ya sa musu albarka suka tafi, ana yayyafi. Na ga Ermelinda ta kutsa tsakiyar layi tana ɗingishi da sauri, don kada a ce ta fara. Mu kuma muka tsaya loda jakunkuna, kusan minti ashirin, sannan muka bi su. Tukunyar miyar tana kan cinyata.

Bayan kwanar da ke wajen tsohuwar masaƙa titin ya miƙe, ba fitilar gwamnati ko ɗaya. Can nesa sai ga wani farin layi yana lilo a cikin duhu, yana karkata dama duk taku biyu. Ko a mafarki na san wannan ɗingishi.

"Ga su can," in ji Belmiro, kamar da gilashin motar yake magana. "Da saura." Ya ƙara taka mai.

Ni ma na ɗauka da saura, ba zan yi ƙarya ba. Shekara takwas mun saba inda Ermelinda take nan layi ya ƙare. Sai da na tuna inda na ga ta shiga.

"Tsakiya take!" na ce. "Taka birki!"

Motar ta ja ƙafa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, miya ta kwaro mini a cinya. A gaban hancin motar, taku uku bai cika ba, wata mata ce durƙushe tana ɗaure igiyar takalmi. Ta ɗago kai, hannu a kan ido. Dona Graciete ce. A bayanta azurfar nan tana ɗan ƙyalƙyali, kyakkyawa ƙwarai, yanzu da muka iso inda za a iya taɓa ta da hannu. Gaba da ita mutum kusan ashirin suka fara fitowa daga duhu ɗaya bayan ɗaya, ƙafafu tukuna, sannan jiki.

Belmiro ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Na ji numfashinsa. Ina da maganganu cike da baki, na mako uku, na shirya su tsaf, amma cinyata na ƙuna.

"Falmaran suna cikin kwali a bayan zaure," na ce. "Ka sauke mutane daga titi ka juya."

Ya sauka yana dafa mota. Bai je wajen matarsa ba tukuna. Ya bi layin da ƙugunsa mai ciwo har tsakiya, ya tsaya gaban yayata, ya cire hula cikin yayyafin.

"Dona Ermelinda, ki koma baya. Ki tsaya a ƙarshe, har mu isa."

"Ba zan shiga mota ba, Senhor Belmiro."

"Ba wanda ya ce mota. Ki yi tafiyarki yadda kika saba. In kin tsaya, kowa ya tsaya."

Haka aka yi. Kwana bakwai suka yi cikin falmaran, azurfar surukin ba wanda ya gan ta sai a hoton ranar ƙarshe. Ermelinda ta ƙi karɓar nata, ta ce ita tana da abin da ta sa. Kuma kada a ɗauka Belmiro ya zo ya ba ni haƙuri. Har gobe in an tayar da zancen cewa yake yayyafi ne ya ɓata gwajin, kuma wai dama yana da niyyar komawa ɗauko kwalin. Graciete kuwa in ta hango ni a kasuwa sai ta shiga duba tumatir.

Ran da suka dawo Ermelinda ta shigo shagona da sanda, ƙafa duk bandeji. Ita ma ba ta ce komai ba game da hannun da ta ɗaga, kuma ban manta ba. Ta ciro rigar daga jaka, a wanke, a ninke, ta ajiye a kan tebur inda ta ajiye ta wancan karon.

"Gefen hagu ya fara tashi," ta ce. "Aikinki ba ƙarko. Ki gyara kafin baɗi, saura mini guda."