Tokar Horace a Bayan Kejin Talotalo

Tun daga bakin gari wari ya tarbi Glenda Elvidge. Ba na talotalo ba, wannan ai kowa a ƙauyukan Lincolnshire na Ingila ya saba da shi. Ƙaurin tsiran alade ne da albasa da ake toyawa daf da dutsen tunawa da sojojin sama, har hayaƙin yana dukan sunayen matattu.

Ta fito daga mota rungume da ɗan tulun tagulla. Tokar gawar mahaifinta Horace ce a ciki. Su bakwai ne a jirgin jefa bam lokacin yaƙin duniya na biyu, shi ne maharbin da ke zama can wutsiya. Wata rana inji ya kama da wuta wajen tashi, jirgin ya faɗi a ƙarshen titinsa da bama-bamai cike da ciki. Wutsiya ta ɓalle ta wurgar da Horace cikin gonar dankali. Sauran shidan kuwa, abin da aka tsinta nasu bai cika bokiti ba, ragowar ta bi ƙasa. Horace ya tsufa yana cin abinci kamar wanda aka yi wa dole. Da ajali ya matso, magana ɗaya ya bari: "Glenda, ki kai ni inda suke."

Shi ya sa ta zo yau, ranar bikin tunawa, tana zaton za ta tarar da limamin coci da 'yan tsofaffi. Ina! Kasuwa ta tarar.

Shugaban kwamitin dutsen ya taho yana buɗe hannuwa. Derek Cammack ke nan, dillalin gidaje, wanda aka haifa bayan an gama yaƙi an share fili. Amma ga shi cikin kakin hafsan sama, maɓallai na neman tsinkewa a tumbi, gashin bakin da ya liƙa da gam ya fara zamewa saboda gumi.

"Madam Elvidge! Ah, ga gwarzonmu ya iso!" Ya ɗan ƙwanƙwasa tulun da yatsa, sai ka ce mai tayin kankana. "Zo ki ga gatan da muka shirya masa."

Ya ja ta har gaban wani tebur. Jirgin wasa ne a kai, irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa, an yi masa fenti kamar na gaske.

"Cikinsa yana buɗewa," in ji Cammack, yana washe baki. "Mu ɗura tsohon a nan, ya zaga kan jama'a, ana buga ƙaho sai in danna, tokar ta watse. Fuuu! Tashinsa na ƙarshe. Har 'yan jarida na gayyato."

Glenda ta dubi sama, ta dubi inda iska ke kaɗa tuta. Kai tsaye wajen mai tuyar tsiran take nufa. Can tokar za ta sauka ke nan.

Kafin ta buɗe baki, wani ƙato ya rarrafo daga bayan tanti, kai naɗe da bandeji, fuska sharkaf da jan abu. Ya miƙe yana dariya, ledar soyayyen dankali a hannu.

"Ni ne babanki yau, 'yar'uwa!" ya ce. "Ni zan fito daga wutsiya in an tayar da hayaƙi. Ya ɗingishin nasa yake, hagu ne ko dama? Ina so in kwaikwaya daidai."

Yana magana ya dangwali jinin kumatunsa da dankali ya kai baki. Miyar tumatir ce. Tir! Mutumin da har ya mutu yana firgita idan aka buga ƙofa da ƙarfi, shi aka mayar abin dangwale.

"Mista Cammack," ta ce, "a ina jirgin ya faɗi?"

"Ai ga dutse nan."

"Ban tambaye ka dutse ba."

Ya sosa ƙeya. "To, kusan nan ne. Mun kafa shi a nan don akwai wurin ajiye motoci, ga kuma mashaya kusa. Ainihin wurin yana can bayan kejin talotalo. Ba wurin zuwan mutum ba ne, Madam, ki yarda da ni."

Ta juya ta kama hanya. Yana ta kiranta, wai ƙarfe uku za a yi abin, wai kada ta ba shi kunya. Kunya! Ashe ya san wannan kalmar.

Tsohon titin jiragen yana nan, sai dai an jera dogayen kejin kwano a kan simintin. Dubban talotalo na kuka a ciki, fankoki na huro zafi da ɗoyi. A ƙarshen kejin ta ci karo da mai gonar, wata dattijuwa cikin takalmin roba, tana tura baro. Matar ta dubi tulun, ta ajiye baron.

"'Yar Horace ce ke? Hancin ne ya tona ki. Ni ce Odling. Ashe ya tafi."

"Ya ce in kai shi inda suke."

Madam Odling ta goge hannu a riga. "Biyo ni, 'yata. Amma ki rufe hanci."

Rami ne wawakeke, wanda bama-baman suka haƙa ranar. Kashin talotalo ya cika shi har kusan baki, ruwa kore-kore ya kwanta a tsakiya. Ga matattun tsuntsaye da aka watso, wasu sun kumbura, wasu sun fashe, ƙuda ya rufe su baƙi ƙirin. Glenda ta durƙusa ta amayar da shayin safe.

"Mahaifina ya yi ta zuba ƙasa, ƙasa tana nutsewa," in ji Madam Odling. "Ba abin da ke tsirowa a nan. Da muka rasa yadda za mu yi da shi, sai ya zama juji. Ba ni da wani ramin."

Glenda ta share baki. Haushi ya turnuƙe ta, na Cammack, na wannan matar, har na tsohon da ya ɗora mata wannan kaya. Can baya akwai ciyawa mai tsabta da furanni. Ko da ba ta yarda da jirgin wasan ba, ai tana iya zuba shi a gindin dutsen ta koma gida, ba wanda zai zarge ta. Wace 'ya ce za ta zuba ubanta a cikin kashi?

"Ya san haka wurin ya koma?" ta tambaya.

"Horace? Duk shekara sai ya zo. Nan inda kike yake tsayawa, hula a hannu. Ko hanci ban taɓa ganin ya toshe ba."

Glenda ta daɗe tana kallon ramin. Sannan ta cire takalmanta masu tsini, ta gangara, ƙafa na nutsewa har idon sawu. Ta kwance murfin tulun, ta karkata shi ƙasa-ƙasa don kada iska ta ɗiba. Tokar ta ɗan yi yawo a kan koren ruwan, ta jiƙe, ta nutse.

"To, Baba," ta ce, "kun cika bakwai."

Madam Odling ta miƙa mata hannu ta jawo ta sama. Ba ta saki hannun ba.

"Ba zan ɓoye miki ba, 'yata. Gobe da safe ma sai na zubo baro a nan."

"Na sani," in ji Glenda. "Shi ma ya sani."