Kifin da Ba Ya Tsufa a Kwamfutar Kawu

Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ni, har sai da na toshe hanci da mayafi. Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ke da ɗakin sanyin da ake ajiye kifi a ƙarshen layin masu walda, kuma shi ya kira ni da hantsi. Ya ce kwamfutarsa ta ƙi buga takardar fitar da kaya, ga mota na jira, katan arba'in za a kai makarantar kwana ta 'yan mata kafin azahar.

"Uwata, ke ce mai ilimin abin," ya ce. "Taɓa mana ita kawai."

Na zauna a kujerar roba mai maiƙo. Maɓallan kwamfutar duk ɓawon kifi ya maƙale a tsakaninsu, wani ruwa-ruwa kuma yana bin ƙasan tebur. Injin bugawa bai ɗauke ni minti biyar ba, waya ce ta saki. Abin da ya tsayar da ni allon ne. Kowane katan an rubuta masa kwana sifili, an shafa masa kore. Hancina kuwa yana gaya mini wani labari daban.

Aikin manhajar ba wani abin wahala ba ne. Mai sito yana rubuta ranar da katan ya shigo, manhaja ta mayar da ranar zuwa daƙiƙoƙi, tana ƙirgawa daga farkon shekarar 1970. Ta ɗauki agogon kwamfuta ta yi masa haka, ta cire wancan daga wannan, ta raba da dubu tamanin da shida da ɗari huɗu, daƙiƙoƙin kwana guda ke nan. Idan kwanakin sun wuce ƙa'ida, katan ya koma ja.

Na duba agogon, sai na ga yana can baya da fiye da shekara goma. Ƙaramin batirin da ke riƙe masa lokaci ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta sai ya koma ranar da aka ƙera shi. A lissafin kwamfuta, kifin bai ma shigo ba tukuna, amsar tana fitowa ƙasa da sifili. Na buɗe cikin manhajar, sai ga layi ɗaya da wani ya cusa: in amsa ta gaza sifili, a rubuta sifili.

Wallahi raina ya ɓaci. Na san hannun waye. Mijin babbar 'yar Kawu, wanda ake kira Injiniya saboda ya taɓa gyara wa wani rediyo, yana tsaye a bayana yana sakace.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Lambobi ne suke fitowa da wata sanda a gaba, ba kyan gani. Na gyara."

"Ka gyara? Tun yaushe?"

"Wata bakwai, ko takwas." Ya tofar da tsinken a ƙasa.

Na saita agogon daidai, na goge layin, na sake kunna manhajar. Allon ya yi ja tun daga sama har ƙasa. Cikin katan arba'in ɗin nan, talatin da ɗaya sun wuce lokacinsu, wasu da wata uku. Na sa mai sito ya fasa ɗaya. Kifin ya narke ya sake daskarewa ban san sau nawa ba, cikinsa ya yi kore-kore, idanun sun faɗa ciki. Na fita na yi amai a bakin kwata.

Da na dawo, Kawu na tsaye yana kallon allon, ko gezau.

"Mayar da shi yadda yake, Uwata."

"Kawu, ka ga abin da ke cikin katan ɗin nan kuwa?"

"In an soya da yaji, wa zai sani? Ai na ga jan tun farko, kafin batirin ya mutu. Allah ne ya kawo mana sauƙi."

Ashe ya sani. Ni ina ta zagin Injiniya a zuciyata, ashe shi jahilci ne kawai ke damunsa. Mutumin da ya goya ni ina yarinya, shi ne ya hana a sayi batir.

"Kawu, don Allah. Yara ɗari shida ne. Auta ma a makarantar take, 'yarka ta cikinka."

Ya ɗaga hannu yana kiran direba ya matso da mota, bai ko kalle ni ba.

"Auta ba ta da matsala," ya ce. "Tun farkon zango na gaya mata kada ta ci kifi."

Na buga jerin jajayen nan kwafi biyu da injin da na gyara masa, na tare mai babur, na ce ya yi sauri, akwai motar da nake so mu riga isa makaranta.